Tsohon Akwatin Fizibil: Nawa Ne Kuɗin Sake Shi?

Wutar lantarki, wadda jama'a ke kira kuran, ta daɗe a manyan garuruwan Nijar. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968. A 1976 aka jawo babbar waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. A 1994 wata wayar ta taso daga Katsina, ta shigo ta Gazawa, ta kai wuta Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana a Malbaza, cikin jihar Tawa. Yau kuran ya wuce birane, ya kai garuruwan kasuwa da wasu ƙauyuka na bakin hanya.

Saboda haka zancen kuran ya shafi manomi da makiyayi. Wani yana da gida a gari inda iyalinsa ke zaune. Wani yana da ɗiya masu karatu da ke kwana gidan dangi. Wani yana da shago inda yake ajiye wake da albasa har su yi daraja. Wani kuma yana kiwon turke cikin gida, ya tara harawa da kara bisa rumfa, waya tana wucewa kusa da su.

A yawancin tsofaffin gidajen nan akwai wani ɗan allo ko akwati a jikin bango, kusa da kontar, wato mitar da ke ƙidaya wutar da aka sha. Akwatin fizibil ke nan. Gidan da aka sa wa waya a 1980, akwatinsa ya haura shekara 40. Mutane da yawa sun san ya tsufa, amma suna tsoron kuɗin sake shi. Alhali kuwa kuɗin nan yana da iyaka, ana iya lissafa shi, kuma ana iya tara shi sannu a hankali.

MENE NE AIKIN FIZIBIL?

Kuran yana tafiya cikin waya kamar yadda ruwa ke tafiya cikin tiyo. Ƙarfin da ke tura shi ana auna shi da bolt. Kuran na gidaje bolt 220 ne. Yawan abin da ke gudana cikin wayar kuma ana auna shi da amfer. Kowace waya tana da iyakar amfer da za ta iya ɗauka. In aka ɗora mata fiye da haka sai ta yi zafi, robar da ke jikinta ta narke, wuta ta kama abin da ke kusa.

Masu gina madatsar ruwa sukan bar wani wuri gajere a jikin ginin. In ruwa ya yi yawa, sai ya bi ta nan ya fita, ginin ya tsira. Fizibil haka yake. Ɗan siririn zare ne na darma ko na wani ƙarfe mai saurin narkewa, an sa shi cikin mariƙi na tangaran. Da gangan aka yi shi rarrauna. In wuta ta yi yawa, shi ne ke fara narkewa, kuran ya yanke, gida ya tsira. Wasu na kiransa fiyus.

Don haka in fizibil ya ƙone, aikinsa ya yi. Yana gaya wa mai gida cewa akwai matsala: ko an haɗa kaya da yawa bisa waya ɗaya, ko wayoyi biyu sun taɓa juna a wani wuri.

ƘUSA A GURBIN FIZIBIL

Abin da ke jawo hasara shi ne dabarar da wasu ke yi. Fizibil ya ƙone da dare, ga zafi, ga yara na kuka. Sai a samo guntuwar wayar jan ƙarfe a naɗe ta ruɓi uku a gurbinsa. Wani ma ƙusa yake cusawa, wani takardar kwalin taba mai walƙiya. Wuta ta dawo, kowa ya yi murna. Daga ranar nan fizibil ba ya sake ƙonewa, sai a ce an huta.

Ba a huta ba. Darma tana narkewa da zafi ya kai digiri 327. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1000. Robar da ke jikin wayar gida kuwa an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba. Kafin ƙusa ta narke, wayar da ke cikin rufi ta riga ta yi ja. Rufin gidajen ƙasa kuwa azara ne da zana da tabarma, duk busassu. Mai gidan da ya sa ƙusa ya kori mai gadinsa ne, ya kwanta barci da ƙofa a buɗe.

KAYA SUN YI WA TSOHUWAR WAYA YAWA

Lokacin da aka sa wa tsofaffin gidaje waya, abin da ke ciki bai wuce ampul uku ko huɗu da rediyo ba. Yau ga fanka, ga talabijin, ga firigo na mai sai da ƙanƙara da zoɓo, ga dutsen guga, ga abin dafa ruwa.

Abin da kowane kaya ke ci ana auna shi da wat, kuma an rubuta shi a jikin kayan. Lissafin ba shi da wuya. A ninka amfer da bolt 220, sai a samu wat.

Amfer 5 sau 220: wat 1100.
Amfer 10 sau 220: wat 2200.
Amfer 16 sau 220: wat 3520.

Ampul na zamani yana cin wajen wat 10. Fanka tana cin wajen wat 60. Amma dutsen guga ɗaya yana cin wat 1000 ko fiye, daidai da ampul 100. Abin dafa ruwa yakan kai wat 2000. Duk kayan da aikinsa ba da zafi ne, cinsa yana da yawa. In aka kunna dutsen guga da abin dafa ruwa lokaci guda bisa wayar da aka yi don ampul, dole ta yi zafi. Jakin da aka saba ɗora wa dami biyu, in aka ɗora masa buhu huɗu, sai ya durƙushe.

ALAMOMIN AKWATIN DA YA GAJI

Sau da yawa akwati yakan ba da alama kafin ya kama wuta. Mai gida ya duba da ido da hanci da kunne, amma kada ya buɗe, kada ya sa hannu ciki.

In ana jin warin ƙonanniyar roba kusa da akwatin, alama ce. In bango ya yi baƙi a samansa, ko tangaran ya tsage, alama ce. In ana jin ƙara tsat-tsat daga ciki, ko ampul na rawa duk lokacin da firigo ya tashi, wata waya ta saki. In fizibil na ƙonewa sau da yawa cikin wata, kaya sun yi yawa. In mutum ya taɓa jikin firigo ko ƙofar ƙarfe ya ji ta ɗan ja shi, kuran yana yoyo, kuma wannan ita ce alama mafi haɗari.

A duba allon katakon da aka kafa fizibil bisansa. Gara na cinsa ta baya. Zanzaro na gina ɗakinsa a ciki, tsaka na shiga, ɓera na gurgurar roba. Da damina, in rufi na yoyo kusa da wurin, ruwa da kuran ba su haɗuwa lafiya.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ya kira mai gyaran wuta tun da wuri. Tun kafin a yi daram ake yin kwandi.

ME AKE SAWA A GURBINSA?

Sabon akwati na roba ne mai murfi. Abin da ke cikinsa iri biyu ne, sai na uku da ake kafawa a waje.

Na farko shi ne ƙaramin dijontar. Aikinsa ɗaya da na fizibil, amma shi ba ya ƙonewa. In wuta ta yi yawa sai maɓallinsa ya faɗi, kuran ya yanke. A cire kayan da ya jawo matsalar, a ɗaga maɓallin, wuta ta dawo. Ba a sayen komai, ba a neman ƙusa. Kowane layi na gida yana da nasa: na ampul dabam, na firiz dabam, wato wurin da ake cusa filogi, na firigo dabam. Ta haka in ɗaki ɗaya ya sami matsala, sauran gidan ba ya shiga duhu.

Lambar da ke jikin dijontar dole ta dace da kaurin waya. Wayar ampul ita ce mai lamba 1,5, ana sa mata dijontar mai amfer 10, kada ya wuce 16. Wayar firiz ita ce mai lamba 2,5, ana sa mata mai amfer 16, kada ya wuce 20. Wanda ya sa dijontar mai amfer 32 bisa siririyar waya don kada ya riƙa faɗuwa, ya koma ga dabarar ƙusa, sai dai tasa ƙusar ta fi tsada.

Na biyu shi ne diferansiyel, mai ceton rai. Fizibil da ƙaramin dijontar suna kare waya ne daga gobara. Ba su hana kuran kashe mutum, don abin da ke tsai da zuciyar mutum bai kai ko kashi 1 cikin 10 na amfer ɗaya ba, kuma fizibil ba ya jin wannan ɗan kaɗan ɗin. Diferansiyel kuwa yana ji. Yana aiki kamar makiyayi mai ƙidaya bisashensa da safe in za su fita, ya sake ƙidaya su da marece in sun dawo. In akuya ɗaya ta ɓace, ya sani. Diferansiyel yana auna kuran da ya shiga gida da wanda ya dawo. In wani ya kuɓuce ya bi jikin yaro ko jikin firigo, sai ya yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Wanda ake so a gida shi ne mai rubutu 30 mA a jikinsa. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T. A riƙa danna shi duk wata. In wuta ta yanke, yana da lafiya. In ba ta yanke ba, a kira mai gyara.

Na uku shi ne sandar ƙasa. Sandar ƙarfe ce mai rufin jan ƙarfe, tsawonta mita 1,5 zuwa 2. Ana kafa ta cikin ƙasa, a haɗa ta da akwati da waya mai launin kore da rawaya. Ita ce hanyar da kuran mai yoyo ke bi ya shige ƙasa. In akwai ta, diferansiyel zai yanke wuta tun kafin kowa ya taɓa kayan da ya lalace. Busasshen rairayi ba ya shan kuran da kyau, don haka ana nema mata wuri mai laima, kuma a ƙasa mai tsananin bushewa ana iya kafa fiye da ɗaya.

INA NE NA KAMFANI, INA NE NA MAI GIDA?

Kafin a shiga lissafi, a san iyaka. Wayar da ta taso daga turken titi, da kontar, da babban dijontar da ke tare da ita, suna hannun kamfani. An ɗaure su da hatimin darma. Mai gida ba ya karya hatimin nan, mai gyaran unguwa ma ba ya karya shi. Wanda ya karya ya jawo wa kansa tara. In matsalar a nan take, ko ana so a matsar da kontar, ko a ƙara ƙarfin wutar gida, sai a tafi ofishin kamfani.

Daga bayan babban dijontar zuwa cikin ɗakuna, na mai gida ne. Akwatin fizibil yana cikin wannan kashi. Kuɗin sake shi a kan mai gida yake.

LISSAFIN KUƊI

Kuɗin aikin ya kasu kashi huɗu: akwati da abin da ke cikinsa, sandar ƙasa da wayarta, wayar da za a sake, sai ladan mai gyara. Farashi yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma yana tashi yana sauka. Lambobin da ke ƙasa misali ne don koyon lissafi. Kowa ya tambayi farashin garinsa, ya rubuta shi a gurbinsu. Jika 1 ita ce tamma 1000 ta kuɗin sefa, wato dala 200.

A ce gida ne mai ɗaki huɗu, da firigo ɗaya.

Akwati mai gurbi 8: jika 7.
Ƙananan dijontar 4, kowane jika 4: jika 16.
Diferansiyel 1: jika 20.
Sandar ƙasa da wayarta: jika 10.
Sabuwar waya da ƙananan kaya: jika 12.
Ladan mai gyara: jika 15.
Duka: jika 80.

In buhun hatsi jika 25 ne, kuɗin nan buhu 3 ne da jika 5. In mai gida yana ajiye jika 10 duk wata, wata 8 ya ishe shi. In gidan gandu ne mai magidanta 4 da ke shan wuta daga kontar ɗaya, kowa jika 20 ya hau kansa.

Abu uku ke sa lissafin nan ya ƙaru. Na ɗaya, yawan layi: kowane sabon layi yana son nasa dijontar da tasa waya. Na biyu, nisa: in daga birni za a kawo mai gyara da kaya, akwai kuɗin mota da na abinci. Na uku, kuma shi ne babba, lafiyar tsohuwar waya. In mai gyara ya lanƙwasa ta robar ta farfashe, ko ya tarar an yi ta ɗaure-ɗaure da leda cikin rufi, wayar ta mutu. A nan sake akwati kaɗai bai isa ba. Sabon diferansiyel bisa ruɓaɓɓiyar waya zai yi ta faɗuwa dare da rana, har mai gida ya gaji ya ce a cire shi. Sake wayar gida duka kuwa yana iya fin kuɗin akwatin nesa. Don haka mai gyara ya duba waya tun farko, kafin a tsai da magana.

IN KUƊI BA SU ISA BA

Rashin jika 80 a hannu ba hujja ba ce ta barin ƙusa a bango. Ana iya raba aikin.

Yau ɗin nan, ba tare da kuɗi mai yawa ba, mai gyara ya cire duk ƙusa da wayar jan ƙarfe, ya sa fizibil na gaskiya mai lambar da ta dace. A daina kunna dutsen guga da abin dafa ruwa lokaci guda. A kawar da harawa, da kara, da kwalabar fetur daga ƙarƙashin akwati da waya.

Da kaka, in an sai da wake ko gyaɗa, a sayi akwati da diferansiyel da ƙananan dijontar. A sayi akwati mai gurbi fiye da bukatar yau, don kada baɗi a sake sayen wani in an ƙara ɗaki. Bayan haka a kafa sandar ƙasa, a sake waya ɗaki bayan ɗaki, a fara da wanda ya fi lalacewa.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne tsakanin kaka da ƙarshen ɗari. Akwai ɗan kuɗi a hannu, kuma bazara ba ta shigo ba. Da bazara ne fanka da firigo ke aiki ba hutawa, waya ta yi zafi ciki, rana ta gasa ta waje.

Maƙwabta ma suna iya haɗa kai. In gida biyar suka kira mai gyara ɗaya, kuɗin motarsa ya rabu biyar. In suka sayi waya naɗi guda mai mita 100 suka raba, ya fi sayen mita-mita sauƙi. Adashin da ake yi don biki ana iya yin irinsa don wannan.

Wanda ke haya ya yi magana da mai gidan tun kafin a fara. Akwati da waya suna zama cikin gida bayan ɗan haya ya tashi. In ɗan haya ne zai biya, a shirya yadda za a cire kuɗin daga na haya, gaban shaidu, kuma a rubuta.

ARAHA BA TA ADO

Kasuwa cike take da kayan jabu. Akwai dijontar da ke da suna mai kyau a jikinsa, amma cikinsa maɓalli ne kawai, ba ya faɗuwa ko waya ta yi ja. Irin wannan ya fi tsohon fizibil haɗari, don mai gida yana zaton yana da mai gadi. Sau da yawa na jabu ba shi da nauyi a hannu, rubutunsa yana gogewa da yatsa, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran.

Akwai kuma wayar da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe a waje. A kankare bakinta da wuƙa. Jan ƙarfe na gaskiya ja ne har ciki. In cikin fari ne, sanholo ne ko baƙin ƙarfe, kuma ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ce, don maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe.

A sayi kaya a kantin da aka sani, mai wurin zama, a karɓi takardar shaidar biya. Abin da aka saya a faifan ɗan talla, in ya ƙi aiki, ba inda za a mai da shi.

ZAƁEN MAI GYARA

Ba duk mai riƙe da filaya ne mai gyaran wuta ba. A nemi wanda ya koyi aikin, wanda ya yi wa wasu a gari aka ga aikinsa. Ya zo gida ya duba da idonsa kafin ya faɗi kuɗi. Wanda ya yanke farashi daga bakin kasuwa bai ga waya ba, ko dai zai ƙara kuɗi daga baya, ko ya rufe ɓarna da sabon murfi.

Mai gida ya ce masa: "Malam, rubuta mini kowane kaya da lambarsa da kuɗinsa, ka rubuta ladanka dabam." A nan ne karatun yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya iya karatu zai ɗauki takardar nan ya kai kanti biyu ko uku ya gwada farashi. Zai duba ko an rubuta 30 mA. Zai ƙidaya dijontar da aka rubuta da waɗanda aka sa. Ba a biyan lada duka tun farko. A ba da kashi, sauran sai aiki ya ƙare.

Ranar aiki, a kashe babban dijontar kafin a taɓa komai, a hana yara zuwa wurin. In an gama, mai gyara ya danna maɓallin T gaban mai gida. Ya sauke ƙananan dijontar ɗaya bayan ɗaya, a ga ɗakin da kowane ke riƙe da shi, a rubuta sunan ɗakin a ƙarƙashinsa da Hausa. Uwargida da manyan yara su tsaya su gani, don su ne ke gida in mai gida yana gona ko kasuwa. Akwatin ya kasance inda babba zai kai hannu ba tare da hawa kujera ba, nesa da randa da murhu.

Sabon akwati ba ya tare tsawa. In hadari ya taso da walƙiya, a cire filogin talabijin da na firigo har ya wuce.

MASU FAIFAN RANA DA INJIN WUTA

A watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, ba ta dawo ba sai cikin 2024. A lokacin nan mutane da yawa suka koma ga faifan hasken rana da injin wuta. A ƙauyuka da rugage kuma, inda turken kamfani bai kai ba, faifan rana da batir ne ke ba da haske da cajin salula.

Su ma suna bukatar mai gadi. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum kamar kuran na gari, shi ya sa ake raina shi. Amma in wayoyinsa biyu suka taɓa juna, yana sakin wuta mai yawa nan take, wayar ta yi ja kamar ƙarfen maƙera. Cikin bukkar kara, wannan ya isa. A sa fizibil bisa wayar da ke da alamar +, dab da batir. Irin na mota ne, ana samunsa wajen masu gyaran wutar mota, kuɗinsa kaɗan ne.

Mai injin wuta kuma kada ya cusa wayarsa cikin firiz na gida. In ya yi haka, wutar injinsa tana iya komawa bisa wayar titi ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Akwai maɓalli na musamman da ke raba wutar kamfani da ta inji. A sa shi cikin lissafi tun farko.

IN TSAUTSAYI YA FAƊA

In wuta ta kama daga waya, a fara kashe babban dijontar. Kada a watsa ruwa muddin kuran bai yanke ba, don ruwa yana kai kuran ga mai watsawa. A zuba rairayi. A fitar da yara da tsofaffi. Inda akwai ƴan kashe gobara, lambarsu 18 ce.

In kuran ya kama mutum, kada a riƙe shi da hannu. A yanke wuta. In akwatin yana nesa, a ture wayar da busasshen icce, mai turewa yana tsaye bisa busasshen wuri. Daga nan a kai shi likita, ko da ya ce ya ji sauƙi, don kuran yana taɓa zuciya ba a gani a waje.

Hausawa sun ce, kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Manomi ba ya barin gara ta ci gindin rumbu don tsoron kuɗin gyara. Makiyayi ba ya hana garkensa allurar rigakafi don ƙyashin dala. Kuɗin sabon akwati an san shi, ana iya auna shi da buhu. Rufin ɗaki, da kayan ɗakin amarya, da hatsin shekara, in suka tafi, buhu uku ba ya mai da su. Ran yaro kuwa ba shi da farashi.

Duk mai tsohon akwati a bangonsa ya je ya dube shi yau. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba. Allah ya tsare gidajen jama'a daga gobara, amin.